Makirufon Tsakiya

Milwaukee, 4 ga Maris, 2024

Yaya Vern,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kuma ƙanƙarar Marquette ba ta toshe maka ƙofa ba. Sau uku na kira ka a makon jiya, sau uku kana ɗauka kana cewa "Waye?" har na gaji na ajiye. Tunda ka ƙi sa abin jin da likita ya ba ka, ga takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Za a rufe makarantar Kessler a watan Yuni. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da waƙa a ɗakin nan na ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gini, yanzu an ce gidajen haya za a yi a wurin. Shugabar makaranta ta nemi kowane tsohon malami ya kawo abu ɗaya na bankwana. Kafin ta rufe baki na san nawa: 'yan amshina na 1989. Yara arba'in da suka hau dandamali tare da ƙungiyar mawaƙan nan Dunmore Ferry a filin wasa, lokacin rangadinsu na dawowa, suka yi amshin waƙar nan ta komawa gida a gaban mutum dubu sittin. Kai ka samo mana wannan dama, don haka kada ka yi kamar ka manta.

Wata biyu na yi ina neman su. Uku sun rasu, huɗu sun ɓace mini, sauran duk na same su. Akwai likitan haƙori, akwai mai gyaran rufi, Curtis Wojta da ba ya iya zama minti biyu a kujera yanzu alƙali ne. Za mu taru ranar Asabar, 18 ga Mayu, a tsohon ɗakin, mu sake yin waƙar. Mutum ɗaya ce kawai ta ƙi, Yolanda Pruitt, wadda ke tuƙa bas a Racine. Ta dawo mini da katin gayyata da kalma ɗaya a bayansa: A'a.

Ga roƙona. Kai ne ke zaune a teburin sauti a ranar, kuma na san ba ka yar da komai, har rasidin man fetur na zamanin Baba yana garejinka. Ka duba mini kaset ɗin wasan Milwaukee. Ina so su ji kansu suna 'yan shekara goma sha uku. Har gobe ban sake jin yara sun yi waƙa kamar ranar ba, Vern, ba kuskure ko ɗaya. Duk ajin da na koyar bayan nan sai da na ba su labarin, in nuna musu abin da atisaye yake haifarwa.

Ka ci abinci mai zafi, ba wake na gwangwani kullum ba.

Ƙanwarka,
Loretta

*

Marquette, 11 ga Maris

Malama Loretta,

Na ga takardarki, ina lafiya. Ƙanƙara ta kai taga, maƙwabci ya share. Abin jin yana cikin durowa tare da ƙusoshi, can ya dace.

Sau biyu na karanta abin da kika rubuta a kan ranar nan, na tashi na zagaya gida, na dawo. Ke kin tuna rana ɗaya. Ni gari arba'in da ɗaya na bi mutanen nan ina jan waya a bayansu, bari in gaya miki su waye.

Shekara goma sha ɗaya suka yi ba sa magana da juna kafin rangadin, kuma a rangadin ma ba su yi ba. Mutum huɗu, mota huɗu, ɗakin shiri huɗu. In mai ganga yana son gaya wa mai jita wani abu, sai ya gaya wa lauyansa. Rungumar da suke yi a ƙarshen wasa, wadda ta sa Mama kuka a kujerarta, akwai alamar fenti a ƙasa da ke nuna wa kowa inda zai tsaya. Teddy Vask, mawaƙinsu, wanda kuka manna hotonsa a ɗakin waƙa, baƙin da yake shafa wa gashinsa yana narkewa da gumi, kowane dare tawul shida muke zubarwa. Sunan garin da ake ciki muke manna masa a gaban ƙafarsa da manyan haruffa, don ya taɓa gaishe da mutanen Denver da sunan wani gari. Baitukan da shi da kansa ya rubuta, daga allo yake karanta su. Bayan ganguna akwai tulun iska da yake zuwa ya shaƙa duk lokacin da mai jita ya tsawaita kiɗa, jama'a kuwa suna ihu wai mai jita ya shiga shauƙi.

Yanzu ga naki. Mutanen da ba su yarda da muryar mawaƙinsu ba, kina ganin za su yarda da ta yaran makaranta da suka gani da rana tsaka? A kowane gari ana kawo yara arba'in a sa musu fararen riguna. A kowane gari amshin da ke fita daga lasifika ɗaya ne. Mata takwas ne, manya, wasu da jikoki, aka ɗauke su a ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles tun kafin a fara rangadi, suna sirantar da murya kamar yara, aka ninka su har suka yi kamar taro. Ni nake danna maɓallin. Babu abin da ya fita daga bakin yaranki ya kai lasifika. A takardar aikinmu, yaran gari suna layi ɗaya da hayaƙi da balan-balan. Furanni muke ce musu. "An kawo furanni?" "An kawo, suna cin burodi a ƙarƙashin dandamali."

Kin ce ba kuskure ko ɗaya. To ina za a sami kuskure?

Na so in gaya miki a ranar. Na sauko na same ki a hanyar fita, kin rungume jakar takardun waƙa, fuskarki kamar wadda aka yi wa albishir da aljanna, ga Mama a gefenki. Na ce gobe. Goben ce ta kai shekara talatin da biyar.

Kaset ɗin wasan yana nan, in kina so zan aiko. In kuma na Toronto ya fi kusa da hannu, shi ma ya yi, ba wanda zai bambance.

Ki gaishe da alƙali.

Vern

*

Milwaukee, 16 ga Maris

Vern,

Gaisuwa. Yau ba zan tambayi abincinka ba.

Kwana uku ban iya amsa maka ba. Na sauke hoton tsofaffin nan daga bangon falo, na juya shi na jingina bayan firji. Furanni. Wata biyu yaran nan suna zuwa ƙarfe bakwai na safe, wasu ba su karya ba, ina tsaye a kansu ina gyara musu numfashi da yadda ake rufe baƙi a ƙarshen kalma, don a jera su kamar tukwanen ado a bayan wani mai rinin gashi. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Da rana, lokacin gwaji, wani mutum mai riƙe da allon takarda ya zo ya wargaza jerin da na yi. Ni da murya na jera su, shi da fuska ya jera su, saboda babban allon majigi. Ya ɗauko Yolanda Pruitt daga ƙarshen layin baya ya tsayar da ita a gaba, bakinta daidai makirufon tsakiya. 'Yar ƙarama ce, mai wushirya, ya ce za ta yi kyau a allo.

Ba a banza na ajiye ta a baya ba. Cikin masu siririyar murya take, amma kullum tana ƙasa da su, tana jan na kusa da ita. Mu malaman waƙa muna da abin da muke yi da irin wannan yaro, an koya mana shi a kwaleji kamar yadda ake koyar da riƙe sandar jagorantar mawaƙa: ba a korar sa, a kai shi gefe, ranar taro kuma a raɗa masa ya motsa baki kawai. Na sunkuya kamar zan gyara mata wuyan riga, na ce, "Yolanda, yau ki motsa leɓe kawai, ki yi murmushi. Kada ki fitar da sauti." Ta dube ni. Ranar Litinin ta bar ajina, ba ta sake takowa ɗakin ba.

Duk shekarun nan ina gaya wa kaina abu ne mai zafi amma dole, na ceci yara talatin da tara a gaban mutum dubu sittin. Yanzu ka ce mini ba abin da na ceta. Na rufe bakin yarinya saboda makirufon da ko tari ta yi a cikinsa ba wanda zai ji.

Zan rubuta mata. Ka aiko kaset ɗin, ban san me zan yi da shi ba tukuna.

Loretta

*

Milwaukee, 18 ga Maris

Zuwa ga Yolanda Pruitt,

Bayan gaisuwa da fatan ke da iyalinki kuna lafiya, Loretta Brandvold ce, malamarki ta waƙa a Kessler. Na sami katin da kika dawo da shi, kuma ban ga laifinki ba.

Ban rubuto don in sake gayyatar ki ba. Na rubuto ne don in ce na tuna abin da na raɗa miki a filin wasa, kalma da kalma, kuma ban kyauta ba. Yarinya ce ke, kin zo atisaye kowace safiya ba fashi, kin fi kowa haddace baitukan. Aikina shi ne in koya miki, sai na zaɓi in ɓoye ki. Na koyar da ɗaruruwan yara bayanki, kuma na san yadda kalma ɗaya daga malami take zama a ƙirjin yaro. In ni ce sanadin da kika daina waƙa, na raba ki da abin da ba ni da ikon mayar miki.

Akwai sauran magana a kan ranar nan da nake so ki sani, amma na fi son in faɗa miki ido da ido. In kin yarda, zan hau mota in zo Racine duk ranar da ba ki da aiki.

Ina neman afuwarki.

Da girmamawa,
Loretta Brandvold

*

Racine, 2 ga Afrilu

Malama Brandvold,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, na gode. Takardarki ta yi mako biyu a kan teburin cin abinci, 'yata tana ta cewa in amsa ko in yar. Ga amsa.

Wa ya gaya miki na daina waƙa? Ajinki na bari. Har yanzu kina nan yadda na san ki, in abu bai faru a ɗakinki ba, to bai faru ba.

Kina neman afuwa don kin rufe mini baki. Ba ki rufe ba. Kin raɗa abinki, kin koma ƙasan dandamali kin ɗaga hannuwa. Na tsaya ina kallon makirufon nan, kansa ya kai girman fuskata. Tsohon mawaƙin nan ya zo wucewa ya shafa kaina kamar ɗan kwikwiyo, yana warin man zafi, ya ce mini "Sannu, saurayi." Kawuna Odell ya yi gaskiya da ya ce ba zai ɓata yammacinsa ya je kallon kakanni cikin matsattsen wando ba. Ban damu da su ba a lokacin, yanzu ma in waƙarsu ta zo a rediyon bas sai in canza tasha. Amma da aka zo amshi, kika sauke hannu, na ce a raina in zan ɓata, bari in ɓata a gaban kowa. Na buɗe baki na yi da duk ƙarfina.

Kin san abin da na ji? Na ji amshin ya dawo mini daga can ƙarshen fili, tas, kamar ruwa. Ba murya ɗaya da ta kauce. Bakina yana kan makirufo, Malama, in da ni ce mai ɓata waƙa da duk garin ya ji. Na leƙo ki kina murmushi kina hawaye, kina jin daɗin kin yi dabara. A nan na gane ba ki san aikinki ba.

Da wannan na rayu. Shekara ashirin da tara ke nan ina cikin mawaƙan cocinmu. Ranar da na je gwajin shiga, filin nan na tuna. Ranar da muka binne mahaifiyata ni na yi mata waƙa, ni kaɗai, ba kiɗa, kuma kafin in tashi filin nan na tuna. Duk lokacin da muryarki ta dawo mini a kunne, ina da mutum dubu sittin da za su ƙaryata ki.

Ba sai kin wahala zuwa Racine ba. Curtis ya ce mini za ki sa kaset ɗin ranar a taron. In haka ne na canza shawara, zan zo. Ki sa shi da ƙarfi, sannan ki gaya wa kowa abin da kika raɗa mini, ni kuma in gaya musu abin da na yi. Zan zauna a gaba, ina so in ga fuskarki.

Na bar ki lafiya.

Yolanda Pruitt

*

Milwaukee, 6 ga Afrilu

Yaya Vern,

Ina gaisuwa. Ga kwafin wasiƙar Yolanda, ka karanta kafin ka ci gaba da tawa.

Ka gani? Na yi niyyar in je in gaya mata makirufon a mace yake, ina zaton zai rage mata ciwo. Ashe shi ne ginshiƙin da ta jingina a kai duk rayuwarta. In na faɗi gaskiya, na sake raɗa mata magana ta biyu, wadda ta fi ta farko muni: muryar da kika ji ta wasu kakanni takwas ce. In na yi shiru na sa kaset, ta ga fuskata, ta koma gida da nasararta, ni kuma na tsaya a ɗakin da na koyar da yara kada su yi ƙarya, na danna maɓalli irin naka.

Kunyar da zan sha a gaban su Curtis ba ta dame ni ba, na cancanta. Ita ce ba na so in rushe. Kaset ɗin bai iso ba har yau. Kai da ka iya shiru na shekara talatin da biyar, gaya mini yadda ake yi.

Loretta

*

Marquette, 13 ga Afrilu

Loretta,

Na gaishe ki. Na karanta. Matar nan ta fi mutanen da na yi wa aiki su huɗu a haɗe.

A cikin kwalin nan kaset biyu ne. Mai farar takarda shi ne na wasan, kakanni takwas. Mai jan tef a jiki, sai na yi miki bayani, kuma ba bayanin da zan fito da mutunci ba ne.

Na ce miki ba abin da ya kai lasifika, haka ne. Amma makirufon tsakiya yana da waya. Ba gidan lasifika take zuwa ba, ƙarƙashin teburina take zuwa, cikin wata 'yar rikoda. Al'adarmu ce mu masu jan waya. A kowane gari muna ɗaukar furanni yadda suke da gaske, washegari a bas mu sa muna dariya, har maki muke ba garuruwa. Maza goma sha biyu, da gemu, ba mu da wanda za mu raina sai yaran da suka yarda da mu. Da zan ce miki na Milwaukee ban sa ba, amma na sa. Na tuna an yi dariya, an ce akwai wata a gaba mai murya kamar jirgin ruwa yana shigowa tasha. Ni ma na yi. Daga baya na cire shi daga jakar bas na sa a aljihu, ban san dalili ba.

Jiya na ɗauko abin jin daga cikin ƙusoshi na sa, na kunna. Ƙara kawai nake ji, su Teddy sun cinye kunnen tun tuni. Don haka ban san abin da ke ciki ba, ke ce mai kunne.

Shawarata, ki sa farin, ki bar matar da filinta, ki jefa jan a tafki. Amma ba ki taɓa jin shawarata ba tun kina aji ɗaya.

Yayanki,
Vern

*

Milwaukee, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Yolanda,

Ina gaishe ki da iyalinki, kuma na gode da amsarki. Kin ce ban san aikina ba. Ki karanta zuwa ƙarshe, za ki ga mun yarda da juna a kan wannan.

Tare da wannan takarda akwai kaset biyu da 'yar rikoda, don na san ba kowa ke da ita ba yanzu. Yayana Vern shi ne mai teburin sauti a rangadin, daga wurinsa suka fito.

Ki fara da mai farar takarda. Shi ne abin da kika ji ya dawo miki daga ƙarshen fili. Ba ke ba ce, ba Curtis ba ne, ba ɗaya daga cikinku. Wasu mata ne aka ɗauka tun kafin rangadi, ake kunna su a kowane gari. Mutanen nan ba su saurare mu ba ko a gwaji, ado suka ɗauke mu. Ni ma watan jiya na sani. Na yi kwanaki ina tunanin in bar ki da abin da kika riƙe, don na san nauyinsa. Abin da ya hana ni shi ne, sau ɗaya na taɓa yanke miki abin da za ki iya ɗauka ba tare da na tambaye ki ba.

Mai jan tef kuwa daga makirufonki ne. Ma'aikata suna ɗaukar yara a ɓoye don su yi dariya, kuma sun yi. Saboda bakinki yana kansa, ke ce a gaba, sauran suna can nesa kamar a wani ɗaki. Na saurare shi sau goma sha ɗaya, ina zaune gaban piyano ina bin ki da yatsa.

Ba ki kauce ba. Waƙar kike yi daidai, amma a ƙasa, inda manyan mata masu kaurin murya suke yin ta. A ajina na sa ki cikin masu siririyar murya saboda ke 'yar ƙarama ce, na dubi tsayinki na yanke hukunci, ban taɓa zaunar da ke ke kaɗai na bi muryarki zuwa ƙasa in ga inda ta tsaya ba. Aikin minti biyar ne, ana koya wa ɗalibin shekarar farko. Shekara biyu kina miƙa wuya zuwa inda ba a halicce ki ki kai ba, ni kuma ina cewa ba ki da kunne. A filin nan kin yi fushi, kin daina bin na kusa da ke, kin sauka wurinki. Abin da ya fito shi ne mafi kyawun muryar da ta bi ta ɗakina, kuma ban ji ta ba sai ina da shekara saba'in da ɗaya.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, tunda kin san waƙa: a layin ƙarshe numfashinki ya ƙare kafin lokaci. Laifin wanda bai koya miki ba ne.

Mutum dubu sittin ɗin nan ba su ji ki ba, Yolanda, ba za su iya yi miki shaida ba. Abin da ya rage shi ne wannan kaset da tsohuwar da ta yi kuskure. Ranar 18 zan gaya wa kowa maganar farin kaset da abin da na raɗa miki, ko kin zo ko ba ki zo ba. Jan kuwa naki ne, ba wanda zai ji shi sai kin ce.

Da girmamawa,
Loretta Brandvold

*

Racine, 9 ga Mayu

Malama Brandvold,

Gaisuwa. Farin yana cikin shara. Kwana biyar ban je atisayen coci ba, ki san da wannan.

Jan na saurara tare da 'yata. Kin faɗi maganar numfashi, amma a baiti na biyu na riga kowa shiga, ba ki faɗa ba. Ko dai ba ki ji ba, ko kin koma tausayina. Kada ki sake.

Zan zo ranar Asabar da kaset ɗin a jakata, in na ga dama a sa. Ki jera ni cikin masu kaurin murya. Maganar afuwa sai na ga yadda kike sauraro yanzu.

Kada a kawo makirufo. Na san ɗakin, zan cika shi.

Yolanda